Noman rani a Kabi: yanayi ne ke cinmu ko canje-canjen gwamnati?

Manomin Augie:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, kuma ina son jin bakin waɗanda suka san ƙasa da waɗanda suka san takarda, don lissafin noman rani ya ƙi fita mini.

Shinkafa nake nomawa a fadamar Augie, bakin Gulbin Kabi. Da damina in yi ta ruwan Allah, da rani in yi ta inji da rijiya. Irin Faro 44 nake dasawa kamar kowa, wata huɗu ta nuna. Abin da ya kawo ni shi ne gardamar da ta raba gidanmu biyu. Ɗan yayana da ke jami'a ya ce duk wahalarmu sauyin yanayi ne, wai in sayar da bijimai biyu in sa sola in rabu da fetur. Ƙanena kuma ya ce babu wani yanayi, siyasa ce tsagwaronta, in bar bijimaina su yi ƙiba in rage gona har a ga inda gwamnati ta dosa.

Ku duba yadda aka yi da mu. A watan Nuwamba na 2015 Buhari da kansa ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Banki, mai ba manoma bashin kayan noma, lokacin Bagudu na gwamna. Aka ce mu noma, ƙasa za ta ci abin da ta shuka. A 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa tsakaninmu da Legas. A 2017 aka buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakoki, 'yar waje ta yi wuyar samu, shanshera ta yi daraja. Wanda ya ga fadama a shekarun nan ya ga abin mamaki: malaman makaranta, masinjoji, har masu ɗinki, kowa ya nemi ɗan fegi. An yi aure da kuɗin shinkafa, an je Makka da su, an sayi babura.

Sai ambaliyar 2020 ta zo ta kwashe ta damina tana gab da nuna. Wannan mun ɗauke shi ƙaddara. Amma ranar 29 ga Mayu 2023 ba gulbi ne ya yi magana ba, Tinubu ne ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000, mu kuma da ke saye hannun 'yan bumburutu sai mun ɗora wani abu a kai. Injin ban-ruwa bai san an cire tallafi ba, abin da ya saba sha shi zai sha. Yuriya da kamfa suka bi sahu, maganin feshi ya bi, leburan dashe ma suka ƙara kuɗi, kuma da gaskiyarsu. Muna cikin haka, a watan Yulin 2024 aka ce an ɗage harajin shigo da shinkafar da aka cire wa ƙaiƙayi ba a goge ba da masara da alkama da wake na kwana 150. Daga nan farashin shanshera ya fara gangarowa, kayan noma kuwa suna inda suke.

Ni a ganina, gulbi ya fi gwamnati adalci, don shi yana ba da sanarwa. Tsofaffinmu na duba launin ruwa da yadda yake hawa su ce a kwashe abin da za a iya kwashewa. Amma manufar da aka ce maka yau an rufe, gobe an buɗe, kai kuma ka riga ka zuba kuɗinka cikin laka, ta ina za ka kauce mata? Shi ya sa na fi karkata wajen ƙanena. Sai dai kuma zafin da muke gani a watan Afrilu da yadda damina ke rikicewa ba ƙarya ba ne. To wanne zan yi wa shiri? In sayar da bijiman ko in bar su?

Malamin Gwadangwaji:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗan yayanka bai yi ƙarya ba, amma ya ɗauko maganar ta tsakiya.

Mutane da dama idan an ce sauyin yanayi sai su ɗauka fari ake nufi, irin na 1973 da na 1984 da iyayenmu ke ba da labari. To ai tun wajen shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan dawo a yankin Sahel. Abin da ya canza shi ne yadda yake sauka. Akwai binciken da aka wallafa a 2017 wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin. Wato ruwan wata guda ya sauka a dare biyu, sannan a yi mako biyu ko uku ana kallon sama. Ga mai gero a tudu wannan ƙishirwa ce, ga mai shinkafa a fadama ambaliya ce. A 2020 ɗin da ka ambata, Kogin Kwara ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, kuma ruwan da ya wuce Yamai ai Dole Kaina da Yawuri zai biyo. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, a 2024 ta shiga Maiduguri bayan madatsar Alau ta ɓalle. Abin da ake gani sau ɗaya a rayuwar mutum ya koma kusan duk bayan shekara biyu.

Inda nake tare da kai shi ne, batun yanayin ma siyasa ce. Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A taron Masar na 2022 aka amince da asusun biyan asara ga ƙasashen da abin ya shafa, a Dubai 2023 aka yi alkawarin kimanin dala miliyan 700, kuɗin da ko ɓarnar ambaliyar ƙasa ɗaya ba za su gyara ba. Ka tambayi kowa a Augie ko ya ga ƙwandala daga ciki. Ita ma ganuwar itatuwan nan ta tare hamada da ake ta faɗa, Kebbi da Zamfara na cikin jihohi 11 da ta shafa, amma shuka dashe a yi hoto daban, ba shi ruwa har ya tsaya da ƙafarsa daban.

Shawarata: damina ce ta zama caca, ba rani ba. In ka rage noman rani ka dogara da damina, ka koma wajen da hatsarin ya fi yawa.

Dattijon Mafara:

Malam, Allah shi ƙara basira, amma wagga magana ta ruwan fadama ba daga sama kaɗai ta fito ba. Ku yara kuna kallon hadari, mu mun ga lokacin da aka ɗaure gulbi da siminti.

Ƙanena na Augie, ruwan da ke wucewa ƙofar gonarka daga wajenmu yake tasowa. Gulbin Sakkwato ya ratso Gusau ya biyo ta Maradun da Mafara, ya haɗe da Rima kusa da Sakkwato, sannan ya gangaro muku Argungu da Birnin Kebbi. Kafin madatsai, kowace shekara ruwa kan hau fadama a hankali, ya zauna, ya janye ya bar taki. Kakanninka ba su san yuriya ba. Suna da irin shinkafar da ke tsawo tana bin ruwa, ga kifi, ga burtali da makiyaya in ruwa ya janye. Kabawa sun rayu a kan wannan tun zamanin Kanta, kuma bikin kamun kifin da kuke alfahari da shi tun 1934 a Matan Fada ai ɗan wannan ruwan ne.

Sai aka zo da madatsar Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, aka gama a 1978, lokacin kuɗin mai na zuba kuma farin 1973 bai bar zukatan mahukunta ba. Niyyar ba mummuna ba ce, an ce za a yi noma sau biyu a shekara. Amma an tashi ƙauyuka, ruwa ya cinye gonaki, wasu kuma aka hana su shuka shekara da shekaru ana daidaita fili, diyya ta zo a makare ko ba ta zo daidai ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980, Shagari na shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Har yau akwai gidajen da ba a son tada zancen.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na ƙasa da madatsa. Da aka riƙe ruwa, ambaliyar nan mai albarka ta ragu, fadamu da yawa suka bushe, masu shinkafa suka koma gero da dawa, masunta suka yi ƙaura. Daga baya aka ƙara madatsar Goronyo a kan Rima. Yanzu ga yadda abin yake: shekarar da ruwa ya yi ƙaranci a riƙe, na ƙasa su rasa, shekarar da ya yi yawa dole a saki, na ƙasa su nutse. Ka tuna 2010 da abin da ruwan Goronyo ya yi. Ga yashi da laka sun cika madatsan, ba su ɗaukar abin da aka gina su su ɗauka.

Don haka in an tambaye ni yanayi ko gwamnati, sai in ce wa ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, kuma wa yake tambaya kafin ya buɗe? Injin da kake ba fetur yau, aikin da gulbi ke yi wa kakanka kyauta yake yi. Ni da 'yan majalisarmu na Kebbi da Sakkwato da Zamfara za su haɗa baki kan yashe madatsan nan da tsara ranar sakin ruwa da sanar da ƙauyuka tun da wuri, da sun yi muku abin da ya fi rabon buhun taki gab da zaɓe. Mu nan ma ba mu kai ga wannan gardamar taku ba, don wanda 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa ba ya zancen farashin lita. Allah dai shi kawo mana sauƙi.

Hajiya Mai Gumi:

Amin, Baba. Alhaji na Augie, ka yi haƙuri, zan taɓa ka kaɗan.

Ni gumi nake yi a Jega, in sayi shanshera in turara in shanya in kai inji, in auna wa mata da mudu. Kullum ina kallon fuskar mai saye. Lokacin da kuke aure da zuwa Makka da kuɗin shinkafa, wa ya biya? Matar da ke zuwa da kuɗin mudu ta koma da rabi. Rufe boda bai sa 'yar gida ta yi araha ba, tsada ta ƙara, kuma 'yar waje ba ta daina shigowa ba, sai dai ta biyo daji da dare a kan babura ta ƙara kuɗi. Mutanen Kamba da Dole Kaina da kasuwancinsu ke haɗe da Nijar da Binin su suka ji a jikinsu, don bodar Kamba sai a 2022 aka buɗe ta. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023, aka sake garƙamewa har cikin 2024.

A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. An sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhun shinkafa ɗaya ya fi shi. A watan Agusta yara suka fito zanga-zanga a Kano da Kaduna da sauran wurare, aka rasa rayuka. Kana kujerar mulki ka ga haka, me za ka yi? Ni ban ga laifin sauke farashi ba. Laifin da na gani shi ne an sauke na abin da kuke sayarwa, ba a sauke na abin da kuke saye ba.

Sannan ku manoma ku faɗi gaskiya kan bashin nan. Babban Banki ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya a shirin Anchor Borrowers, kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu ruwa ya cinye su, Allah ya sani. Amma wasu ko lauje ba su taɓa riƙewa ba, an rubuta sunayensu ne, sun karɓi taki da inji sun kai kasuwa, suna cewa rabonsu ne na gwamnati. An tara dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 an yi hotuna, farashin mudu bai motsa ba. Da sabon gwamnan banki Cardoso ya zo ya ce banki ya daina irin wannan rabon, manomin gaskiya shi ya rasa. Wannan ba yanayi ya yi shi ba, ba kuma Abuja kaɗai ba.

Bijimai kuwa, ni mace ce mai lissafi: ka sayar da ɗaya ka bar ɗaya.

Manomin Augie:

Hajiya, kin taɓa ni kuma na ji. Maganar masu karɓar taki su sayar gaskiya ce, mun san su, wasu ma a sahun gaba suke sallah. Amma ki lura, wanda ya ci bashi ya gudu babu abin da ya same shi, wanda ya haƙa rijiya ya sayi inji saboda an ce masa shekaru goma masu zuwa na shinkafar gida ne, shi aka bari da kaya. Ni ba na neman a rufe boda har abada mata su kwana da yunwa. A faɗa mana tun kafin mu zuba iri a Disamba cewa za a buɗe a watan kaza, kowa ya auna daidai ƙarfinsa. A Indiya da ake shigo mana da tata shinkafar, gwamnati na sanar da mafi ƙarancin farashin da za ta saya kowace kaka, ga tallafin taki da wutar ban-ruwa. Da manomin da aka tallafa haka ake haɗa mu tsere.

Baba na Mafara, na gode da tarihin nan, mahaifina kan faɗi irin shinkafar da kake magana. Matsalar tsaron ma ta iso mu, ka ji harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera cikin Nuwamban 2024. Shi ya sa nake tsoron barin farantan sola masu tsada a daji.

Mai Haɗa Sola, Argungu:

Kawu, bari in faɗa maka abin da ke akwai, ba don in sayar maka ba.

Sola na aiki a fadamarmu saboda ruwa na kusa, rijiyoyinmu ba su da zurfi. Ba ka buƙatar batir, rana ta fito famfo ya tashi, ta faɗi ya tsaya. Lokacin da shinkafa ta fi shan ruwa, Maris da Afrilu, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Inda take ba da kunya shi ne Disamba da Janairu in hazo ya rufe, ga ƙura na kwanciya a kan faranti, sai an riƙa gogewa kullum. Kuma ba ta turo ruwa da ƙarfi irin na injin fetur, a hankali take yi wuni guda. Don haka kada ka sayar da tsohon injinka. Wasu sun mayar da nasu mai amfani da tukunyar gas, shi ma yana rage kashe kuɗi in gas bai tashi ba. Batun ɓarayi kuwa, yawancin mutanenmu a kan amalanke ko baro suke ɗaure farantan, a kai da safe a dawo da su gida da magariba.

Kurakurai biyu na fi gani. Na farko, mutum ya sayi ƙaramin famfo ya ce zai shayar da gonar da ta fi ƙarfinsa. Na biyu, ya sayi faranti na jabu don araha. Ka sa a auna zurfin rijiyarka da girman gonar kafin ka biya ko sisi, kuma ka saya wajen wanda za ka iya samunsa in ta lalace.

Akwai kuma abin da ba ya cin kuɗi. Shinkafa ba dole ta zauna cikin ruwa kullum ba. Ka samu bututun roba mai faɗi, tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a cikin fangali ka kwashe lakar ciki. Bayan dashe ya kama, ka bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa a cikin bututun, sannan ka sake ba da ruwa. Sai lokacin da ta fara fitar da kai da fure, nan kam kada ka bari ta bushe. Masana shinkafa na cibiyar IRRI da ke Filifin su suka fito da dabarar, kuma tana iya rage ruwan da ake sha har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfanin ya ragu ba, in an bi ta daidai. Ciyawa ce za ta ɗan ƙaru, ka shirya mata. Ka gwada a fangali biyu ko uku bana da injin da kake da shi, ka ƙirga litar da ka ƙona a can da wadda ka ƙona a sauran. Da wannan lissafin za mu san girman famfon da ya dace da kai, wataƙila ma bijimi ɗayan da Hajiya ta ce ya isa.